Hayaƙin da ya cinye kyautar surukina

Na san yawancin masu karanta Hausa ba sa kusantar barasa, addini ya hana su, ina kuma girmama hakan. Ni Kirista ne ɗan Jos, aikin man fetur ya kawo ni Aberdeen da ke Sikotilan yau shekara 9, a nan na koyi kurɓar wiski kaɗan-kaɗan a daren sanyi. Wanda ke sha, ya kuma taɓa raya wa ransa ya haɗa nasa a gida, shi nake ba wannan labari, domin har yau abin yana ci mini rai.

Da aka haifi ɗanmu na fari, yayan matata ya ba ni kwalbar wiskin Glenfarclas mai shekara 15. Ta yankin Speyside ce a nan Sikotilan, ta tsufa a gangunan da aka taɓa zuba wa sheri, giyar inabin ƙasar Sifen, shi ya sa take ƙamshin busasshen inabi da dabino da ɗan kanumfari. Sai ranar farin ciki nake buɗe ta. Da na ji surukin nawa zai yi Kirsimetin 2024 a wurinmu, sai na ce bari in tarbe shi da haɗin hannuna, kyautarsa ta zama uwar haɗin.

Tsarin da na yi ba laifi. Haɗaɗɗen wiski iri biyu ake gamawa: na tsiron sha'ir zalla, mai nauyi da ƙamshi, da na sauran hatsi, mai sauƙi da ɗan zaƙi. Tun dokar Birtaniya ta 1860 da ta ba da damar gama su a rumbun ajiya ake wannan sana'a, mutane irin su Andrew Usher na Edinburgh da ita suka yi suna. Na sayi Haig Club, na hatsi ne daga masana'antar Cameronbridge. Na zuba mililita 500 a babbar kwalba mai cin lita ɗaya, na bi shi da mililita 350 na Glenfarclas, rabin kwalba ke nan cur. Na sunsuna, na ji daɗi. Da a nan na tsaya, da yau labarin daɗi nake bayarwa.

Sai na ce a ɗan sa hayaƙi.

Ina da wiskin Laphroaig mai shekara 10, daga tsibirin Islay, wanda mutanen nan ke furtawa Aila. A can, in za su busar da tsiron sha'ir, suna turara shi da wata baƙar ƙasar fadama da suke kira fit, ruɓaɓɓiyar ciyawa da gansakuka ce ta dubban shekaru, ana yanka ta kamar tubali a shanya a ƙona. Hayaƙin yana kama ƙwayar ya bi ta har cikin kwalba. Wanda bai taɓa ji ba ya tuna kifin banda, ya haɗa da warin aidin na asibiti. Ni ina sonsa, Laphroaig ba ta yi mini komai ba, aikinta ta yi. Kuskurena biyu ne. Kafin in fara haɗin na riga na kurɓe shi sau biyu don in tuna ɗanɗanonsa, hancina da harshena suka cika da hayaƙi. Na biyu kuma da ido na zuba, ba awo. Na tsiyaya kaɗan na sunsuna, ban ji komai ba. Na ƙara, shiru. Na sake ƙarawa har kwalbar ta kai wuya. Daga baya da na duba abin da ya ragu a kwalbar Laphroaig na gane mililita 150 na zuba, kashi 15 cikin 100 na haɗin. Na toshe na ajiye a kabad, ina ta murna.

Bayan mako biyu na buɗe a falo. Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, me ka ɗora a wuta?" Gabana ya faɗi. Na tsiyaya a kofi, na kai hanci. Babu dabino, babu inabi, babu kanumfari. Duk wanda shinkafa ta taɓa kama wa a tukunya ya san yadda ƙauri yake: ƙasan ne kawai ya ƙone, amma har ta saman ba ta tsira ba. Shekara 15 wiskin nan ya yi a ganga, kowace shekara kusan kashi 2 cikin 100 na bin iska, ni kuma na shafe abin da ya rage cikin minti biyar.

Na ruga wurin maƙwabcina, wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana gyaran ganguna a Speyside, Baba nake ce masa. Na ce, "Baba, akwai yadda za a cire?" Ya sunsuna sau ɗaya ya ajiye kofin, ya ce hayaƙi ana ƙara shi, ba a cire shi, sai dai a tsinka shi da wani wiskin. Muka zauna da biro da takarda. In ina son hayaƙin ya sauko zuwa kashi 3 cikin 100, sai haɗin ya kai lita 5, wato in ƙara lita 4, kwalba 6 ke nan masu mililita 700. A Sikotilan kuma doka ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin barasa, tun Satumban 2024 kwalbar wiski mai ƙarfin kashi 40 ba ta sauka ƙasa da fam 18 da fens 20. Ko mafi araha na saya sai na kashe sama da fam 109, bayan haka Glenfarclas ɗin ma ta narke a cikin lita 5, ba mai jin ta. Ko ta ina dai kyautar ta tafi.

Surukina ya zo. Na faɗa masa gaskiya, na ba shi ya kurɓa. Ya yi shiru, ya ce, "Ba komai, ƙanena, ai hayaƙin ma wasu suna so." Kara ya yi mini, kuma wannan karar ta fi faɗa zafi.

A watan Janairu na sake, yadda Baba ya nuna mini. Na sayi sirinji na mililita 5 a kemis da ƙananan kwalabe huɗu. Kowace na zuba mililita 30 na hatsi da 18 na ragowar Glenfarclas, sai hayaƙin: rabin mililita a ta farko, 1 a ta biyu, 1 da rabi a ta uku, 2 da rabi a ta huɗu. Na manna takarda a jikin kowace na rubuta awonta. Ban taɓa su ba sai da suka yi mako biyu, domin abin da ka ji ranar haɗi ba shi za ka ji bayan sun zauna ba. Ranar gwaji da safe na yi, kafin in ci wani abu mai yaji. Na zuba ruwa daidai da yawan wiskin, ƙarfinsa ya sauko wajen kashi 20, kamar yadda masu haɗi na masana'antu ke yi, don zafin barasa ya daina rufe hanci. Na fara da mai ƙaramin hayaƙi, mai yawan ya zo ƙarshe. Wannan jerin shi ne abin da na karya a karon farko, kada wanda ya karya shi.

Ta ukun ce ta yi. Dabinon na gaba, inabin na biye, hayaƙin sai ka haɗiye yake tasowa a hankali, kamar ƙamshin murhu daga gidan maƙwabta. Kashi 3 ne kacal, ni kuwa na zuba 15. Abin da ya rage mini na Glenfarclas bai wuce in haɗa mililita 300 ba. Na cika ƙaramar kwalba, na ajiye wa surukina ita har ya dawo. Babbar kwalbar kuwa tana nan a bayan kabad, ban iya zubarwa ba, ban kuma sake buɗewa ba.