Abin da Baba Saje ya cire mini daga yatsa

Ranar da na fara harbin tsaye, a wata rumfar kwano da ke bayan ofishinmu a Zariya, da girman kaina na shiga. Ina da dalili. A harbin kwance ban taɓa jin kunya ba: ka kwanta rub da ciki, gwiwoyin hannu biyu a kafe, maɗauri ya ɗaure damtse da bindiga, ƙasa ce ke yi maka rabin aikin. Shi ya sa da aka zo neman waɗanda za su wakilci wurin aikinmu a gasar harbi da bindigar iska, sunana na cikin na farko. Da na ji nisan mita 10 ne kacal, sai na yi dariya a raina. Mu da muka tashi muna kakkaɓo kurciya da danƙo a gindin dutsen Kufena, mita 10 ai wasan yara ne.

Sai aka miƙo mini takardar da ake harbi. Baƙin da ke tsakiyarta bai wuce bakin kofin shayi ƙarami ba, milimita 30.5 ne faɗinsa. A tsakiyar baƙin akwai wani farin ɗigo mai faɗin rabin milimita, kamar wanda alƙalami ke bari in ka dangwala shi a takarda. Wannan ɗigon shi ne maki 10. Ƙwayar dalmar da ake harbawa faɗinta milimita 4.5, kuma duk milimita 2.5 da ka kauce daga tsakiya ka zubar da maki ɗaya. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, duka a tsaye, babu maɗauri, babu jingina, da bindigar da doka ta yarda nauyinta ya kai kilo 5.5. Haka ƙa'idar take a gasar Olamfik, inda wannan harbi ya shiga tun 1984. Can ma na'ura ce ke auna harbin, tana raba kowane maki gida 10, har mafi kyawun harbi ya zama 10.9. Mu takarda gare mu, da ido muke ƙirgawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka tattaro takarduna, sai ka ce kaji ne suka yi tsattsage a kai. Ramuka ko'ina, har da biyu a farin waje. Ban kai 480 cikin 600 ba.

Mai koyar da mu tsohon soja ne da ya yi ritaya, kowa Baba Saje yake ce masa. Abin da ya fara ba ni haushi game da shi, bai ko kalli takardun ba. Duk lokacin da nake harbi yana zaune a kan benci ta gefena, idonsa a ƙafafuna da yatsana. Da na gama ya ce, "Yaro, ka yi harbin tsuntsu da danƙo kana ƙarami, ko?" Na ce, "Sosai ma, Baba." Ya ce, "Na gani. Shi za mu cire." Daga nan ya kulle gwangwanin dalma a akwatinsa, sati biyu ban sake ganin ƙwaya ɗaya ba.

Tsayuwa muka fara. Ka ba wa takarda gefenka na hagu, in kai mai dama ne, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, nauyi a shimfiɗe a tafin ƙafa ba a diddige kaɗai ba. Ka ɗan turo ƙugun hagu gaba, ka dasa gwiwar hannun hagu a kansa ko a jikin haƙarƙari, bindiga ta zauna a kan dunƙulen hannu. Manufar ita ce nauyin ya bi ƙashi ya sauka: daga hannu zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa ƙafa, daga ƙafa zuwa ƙasa. Tsoka tana gajiya, in ta gaji sai ta kama karkarwa. Ƙashi ba ya gajiya. Ni kuwa da damtse nake ɗaga bindigar, kamar mai ɗauke da buhun siminti zai miƙa wa magini. Kai ma ba a kai shi wurin bindiga, ita ake kawowa wurin kunci, domin abin da ke daidaita tsayuwar mutum a cikin kunne yake, in ka karkata kai jiki ya fara lilo.

Akwai wani gwaji da ya sa ni yi har na haddace. In ɗauki bindiga, in yi saiti, in rufe ido, in yi numfashi biyu ko uku, in saki jiki, sannan in buɗe. Duk inda na tarar bakin bindigar na kallo, nan ne jikina yake son harbi. Na farko da na buɗe ido, takardar maƙwabcina nake kallo. Na ja bindigar da hannu zan maido ta, sai na ji sandarsa a idon sawuna. "Ba hannu ba, ƙafa." In saitin ya kauce hagu ko dama, ƙafafu ake gyarawa, a juya jiki gaba ɗaya kaɗan-kaɗan. In ya yi sama ko ƙasa, a gyara tazarar ƙafar baya ko inda gindin bindiga ya zauna a kafaɗa. Wanda ya maido da bindiga da ƙarfin hannu, da zarar harbi ya tashi hannun zai saki, ita kuma ta koma inda take so tun farko. Daga ranar na fara zagaye tafin ƙafata da alli a simintin rumfar, kuma in na tsaya ba na ɗaga ƙafa sai an gama.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar yatsa.

Bindiga ba ta tsayawa cik a hannun mai rai. Zuciya na bugawa, jini na gudu, jiki na gyara tsayuwarsa ba tare da ya tambaye ka ba. In ka leƙa ta ɗan ramin saiti na baya, za ka ga zoben gaba yana yawo a kewayen baƙin, ya shiga ya fita. Abin da nake yi shi ne in yi kwanto: in jira lokacin da baƙin zai faɗo tsakiyar zobe, in fizgi kunama. Dabarar danƙo ke nan, ka ga tsuntsu ya daidaita ka saki. To amma kafin abin da ido ya gani ya isa ƙwaƙwalwa, umarni ya sauko yatsa, bindiga ta riga ta wuce wurin. Sannan fizgar kanta tana ture ta. Tsawon bindigar ya ɗan haura mita 1, takarda tana mita 10, don haka in bakinta ya gusa da milimita 1 kawai, a takarda kusan milimita 10 ne. Maki 4 sun tafi a kan motsin da ido ba ya gani.

Na yi musu, na ce ni ba na fizga. Baba Saje bai ja da ni ba. Da ya buɗe gwangwanin dalma, sai ya ce shi zai riƙa ɗura mini, in juya baya. Wani lokaci ya sa ƙwaya, wani lokaci ya mai da bindigar kan harbin wofi, inda kunama ke ƙarar ƙyas ba tare da iska ta fita ba. A karo na huɗu na ja, aka ji ƙyas, kuma kowa a rumfar ya ga bakin bindigata ya yi sujada ƙasa ta dama. Babu harbi, babu ƙara, ni kaɗai na tura ta. Abokan aikina suka yi ta dariya. Shi ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Ka gani da idonka? To sake."

Abin da ya koya mini a madadin haka ya fi wuya a zuciya fiye da a jiki. Ka yarda da rawar. Ka bar zoben ya yi yawonsa, muddin yawon ƙarami ne kuma a kewayen tsakiya yake. Kai dai ka ɗora tsokar gaɓar farko ta yatsa a kan kunama, ka riƙa ƙara matsi a hankali, kai tsaye zuwa baya, har harbin ya tashi da kansa. In rawarka ba ta fita daga zoben 9 ba, harbinka ba zai fita daga 9 ba, kuma da yawa za su faɗa 10 don kansu, tunda bindigar ta fi daɗewa kusa da tsakiya. Mai fizga shi ne ke samun 10 biyu masu kyau, ya biyo su da 6. Na daɗe ban yarda ba, don ji nake kamar an ce in bar sitiyari mota na tafiya. Garaje ba ƙarfi ba ne, amma wanda ya saba da shi sai ya ga kamar shi ne ƙwarewa.

Numfashi bai ba ni wahala ba. Ka ja, ka saki, a ɗan hutun da ke zuwa bayan fitar iska nan ake harbi, ba a cika huhu a riƙe. Sai dai hutun gajere ne. Bayan daƙiƙa 8 zuwa 10 ido ya fara yaudararka, rawar ta ƙaru, sai wata murya ta taso a ciki tana cewa ka harba kawai ka huta. A nan ne ake sauke bindiga. Ka cire yatsa daga kunama, ka ajiye ta a kan madogararta, ka yi numfashi, ka sake daga farko. Minti 75 ga harbi 60, kowane harbi yana da daƙiƙa 75, lokaci na nan. Kunya ce ke hana mutum saukewa, kada a ce ya kasa. Da na fara rubuta harbina a littafi, na gano kusan duk munanan daga ɗagawar da ta daɗe suka fito, waɗanda tun kafin in ja na san ba su yi ba.

Littafin ma dokar Baba Saje ce. Bayan kowane harbi ba ka motsi, ka ci gaba da saiti daƙiƙa ɗaya ko biyu, saboda ƙwayar iska ba ta da saurin harsashi, mai gaggawar ɗaga kai yana iya ɓata harbi tana cikin bututu. Sannan kafin ka duba takarda ka faɗi inda ya faɗa, da lissafin fuskar agogo: "9, ƙarfe 2." In abin da ka faɗa ya yi daidai da ramin, ko da 8 ne, Baba Saje zai gyaɗa kai. In ka ci 10 amma ka ce ba ka san inda ta tafi ba, tsaki zai ja. Wai sa'a ce, kuma sa'a ba ta zuwa sau 60 a jere.

Sauran abubuwan Zariya ce ta koya mini su. Da hunturu yatsa kan bushe ya tsage, ba ka jin kunama sosai, sai na riƙa shafa man kaɗanya da dare, in sa hannu a aljihu har lokacin harbi. A watan Afrilu kuwa, rigar harbin nan mai tauri da mu huɗu muke karɓa-karɓa, in ka sa ta a ƙarƙashin kwano sai ka ji kamar an rufe ka a tukunya. Goro na bari a ranakun harbi, da shayin mai shayin Kwangila da na saba tsayawa sha da safe, don na ga bugun zuciyata a cikin zoben saiti ƙuru-ƙuru. Bindiga kuma ba a zuwa da ita gida, a ma'ajiya take kwana a kulle. Saboda haka na ɗiga baƙin tawada a bangon tsakar gida, daidai tsayin mita 1.4 kamar na takarda, ina tsayawa da taɓarya a kafaɗa minti 20 bayan sallar isha'i. Maiɗakina ta yi haƙuri kwana uku, a na huɗu ta ce in dai ba daka zan yi mata ba in ba ta kayanta.

Wata rana da na harba 5 a harbin ƙarshe na zauna ina cizon yatsa, sai Baba Saje ya ba mu labarin Matthew Emmons, ɗan Amurka. A Olamfik ta 2004 a Girka, yana kan gaba a gasar mita 50, saura harbi ɗaya a tsaye ya ɗauki zinare, sai ya harbi allon wanda ke kusa da shi. Aka ba shi sifili, ya koma na 8. Bayan shekara huɗu a Bejin, ga shi kan gaba kuma, harbin ƙarshe kuma, yana sauko da bindiga daga sama zuwa kan baƙin sai ta tashi kafin ya iso. Ya ci 4.4, ya ƙare na 4. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tun daga ranar nake duba lambar takardata kafin kowane harbi, kuma ba na fara matsa kunama sai zobe ya zauna.

A gwajin da aka yi na fitar da mutum uku da za su tafi gasa, na kai harbi na 57 lafiya. Nan lissafi ya shigo mini, na fara tara maki a kai, ƙafata ta hagu ta kama rawa. Na ɗaga, na sauke. Na sake ɗagawa, zoben na yawo kamar an kaɗa ruwa a ƙwarya, na sauke. Waɗanda ke gefena duk sun gama, ina jin idanunsu a ƙeyata. Na uku ma na sauke. A na huɗu ta zauna, na matsa, ta tashi. Na ce, "9, ƙarfe 11." Aka jawo takarda, 9 ce, ƙarfe 11.

Na ƙare da 551, na zo na huɗu, da tazarar maki 2 tsakanina da na uku. Ina naɗe rigar zan miƙa wa mai bi na, Baba Saje ya zo ya tsaya yana kallon zanen allin da ke ƙasa. Ya sa sandarsa ya nuna ƙafar dama, ya ce ta fita daga zane da kusan faɗin yatsa tun wajen harbi na 40, in zo ranar Talata da sabon alli.