Gugan da muka jefa daga saman bene

Zangon da ya wuce ni da ɗalibaina muka kwaikwayi yadda kumbo zai ɗebo ƙasa daga duwatsun da ke shawagi kusa da duniyarmu ba tare da ya sauka ba. Dabarar ita ce kumbon ya tsaya nesa, ya harba bututu ɗaure da igiya, in ya nutse ya cika sai a jawo shi. Ina cikin bayani wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai guga da rijiya ke nan." Ban ga abin gyarawa ba.

Matsawa kusa da dutsen ne haɗarin. Lokacin da kumbon Amurka OSIRIS-REx ya taɓa dutsen Bennu a 2020, hannunsa ya lume kusan rabin mita, ashe tsakuwar wajen ba a haɗe take ba. Allah ya sa ya tsira, ya kawo giram 121.6 na ƙasar dutsen a 2023.

Na sayo guntun bututun ƙarfe a Ƙofar Ruwa, mai walda ya fiƙe bakinsa, muka tara yashi a gindin benen makaranta. Jifan farko a kaikaice ya faɗi, muka yi masa fukafukai da gwangwani. Na biyu ya nutse, amma muna ja yashin ya zube tas. Wani yaro mai zuwa shagon faci ya yanko tsohon tub ɗin keke, ya yi marfin da ke buɗewa ciki kawai.

Inda muka sha kashi wajen jawowa ne. Bututun ya taso yana ɗan kewaye, muna taƙaita igiya gudunsa na ƙaruwa, har ya rotsa gilashin tagar ofis. Wannan ka'ida na sha rubuta ta a allo, amma ran nan na gan ta da idona. Mu ma da sauƙi, iska da nauyi suna rage mana lilon. A sararin samaniya babu abin da zai tsayar da shi, kuma kumbon ne tagar. Ita kanta igiyar ba abin yarda ba ce: a 1996 wadda kumbon Columbia ya saki ta tsinke bayan ta kai kusan kilomita 20.

Ɗalibar nan ta sake ƙure ni. Ta ce yashinmu nauyin duniya ya danne shi, a Bennu kuwa abin da ya tashi da gudun santimita 20 a daƙiƙa ya tafi ke nan. Gaskiyarta. Kuɗin gilashi dai daga aljihuna ya fita, kuma shugaban makaranta ya ce gwaji na gaba mu koma filin ƙwallo.