Waƙar da na yi a ɗakin mutum biyar

Ranar 1 ga Yuni, 2022, dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas, har da Ikeja inda nake neman na tuwo. Ba a rufa wata biyu ba ƙanwata ta bugo waya daga gida. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta ce, "Yaya, an fa sa ranar wance." Yarinyar da na shekara uku ina haɗa wa lefe ke nan.

Mu biyar muke kwana ɗaki guda a Agege, ba wurin kuka. Sai na sayi littafin rubutu na fara waƙa. Na ɗauki ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, kowane layi ya ƙare da ƙafiyar "ya", don ta fi kowace araha: zuciya, duniya, soyayya, ƙiyayya. Dare biyu na cika baiti ashirin.

Na kai wa wani dattijo Basakkwace mai shayi a bakin layinmu, wanda kunnensa ya sha waƙoƙin fada da na noma. Ya saurara yana fifita wuta, ya ce, "Ɗana, wannan ai rigar aro ce, kowa ya sa za ta shige shi. Kai kana ina a ciki?"

Na ji haushi, kwana uku ban sha shayinsa ba. Amma da na sake dubawa, na ƙirga "hawaye" sau tara, alhali ko ɗigo ban zubar ba. Abin da ya same ni daban ne. Nakan hau gadar Oshodi, kafaɗa na gugar kafaɗa, in sauka ba wanda ya san da ni. Shi na rubuta:

Oshodi cike da jama'a, ba mai ce min sannu,
Na duba waya sau goma, shiru ce dai a hannu.

Maganar rabuwa kuwa ban kira sunanta ba, ban ce ta ci amana ba, don wataƙila fin ƙarfi aka yi mata a gida. Turmin atamfa biyu da ke ƙasan jakata kawai na ambata.

Baitin haƙuri ya fi ba ni wuya. Duk yadda na juya shi sai ya fito kamar wa'azi, na soke. Lokacin na koma dako a kasuwar Mile 12, sai na mai da abin da ke tashe mu kullum ya zama amshi: "Asuba ta yi, motar tumatir ta iso." Kowane baiti ya gama ƙorafinsa, amshi ya ce a tashi.

A situdiyo aka nuna min ɗangogina, wato layukan waƙar, sun fi numfashina tsawo, aka datse baiti ashirin suka koma bakwai.

Rannan muna sauke kwanduna na ji wani Bakatsine yana rera amshin. Ya waiwayo ya ce, "Malam, atamfar fa?" Na ce na aika wa Inna, ta ɗinka da sallah.