Na miƙa wa taubashina ragamar ayari

Asabar, Yamai, ƙarfe ɗaya na dare ta wuce.

Kuran bai dawo ba har yanzu, ɗaki ya zama tanda, don haka na fito da tabarma tsakar gida ina rubuta wannan a waya. Yau da hannuna na tona sirrin da na yi wata biyu ina ɓoyo.

Da rana ba wani abin kirki. Na kai moto wajen mai gyara, na biya ta kasuwar Wadata na sayo sukari da ganyen shayi, na dawo na kwanta. Hankalina duk yana kan wasan dare.

Mu biyar ne muke haɗuwa kowace Asabar bayan isha'i: ƙanena daga Tawa, taubashina da ke karatu a Kotonu, wani abokin lakol da ke Damagaram, da abokiyar aikina da ke zaune Harobanda, ƙetaren gada. A intanet muke wasan: murya a manhajar hira ta Discord, taswira da jifan ƙwaya (irin ta ludo) a shafin wasa na Roll20. Ni ne mai jan wasan. Masu Faransanci MJ suke cewa, wato maître du jeu, mai jan wasa, mu kuwa madugu muka raɗa wa matsayin, tunda labarin na ayarin gishiri ne da ya tashi daga Agadas zai ratsa Tenere zuwa Bilma. Ƙa'idojin Dungeons & Dragons muka ara, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, muka datse abin da ya yi mana yawa. Inna ta taɓa tambayata me nake yi da dare ina magana ni kaɗai. Na ce tatsuniya ce, sai dai masu saurare su ma suna da baki a ciki. Ta ce, "To yaushe za a ce ƙurunƙus?"

Waɗanda suke yin wasan a kan tebur, madugu kwali yake tsayarwa gabansa ya ɓoye takardunsa. A intanet izini ne labulen. Taswirarmu shimfiɗa-shimfiɗa ce: akwai ta ƙasa mai rairayi da rijiyoyi, akwai wadda 'ya'yan wasa suke tafiya a kai kamar na dara, akwai kuma ta madugu wadda ba mai ganinta sai ni. Kowane jarumi yana da takardarsa, ni nake rubuta wanda zai iya karanta ta da wanda zai iya gyara ta ya motsa ɗanta. Ƙanena ba ya iya taɓa raƙumin kowa sai nasa, kuma alheri ne, don na san halinsa. Sauran taswira duhu ne ya rufe ta, ina yaye shi kaɗan-kaɗan yadda ayari yake ci gaba.

A shimfiɗar tawa na jera 'yan fashi 6 bayan tudun rairayi kusa da rijiya. A gurbin bayanin madugu da ke takardar jagaban ayari kuma na rubuta jimla ɗaya: shi ne yake sayar da 'yan ayarin. Wata biyu ina sa wannan jagaba yana raba musu dabino, yana yi musu addu'a, har abokiyar aikina ta fara kiransa Baba.

Ƙarfe tara da 'yan mintoci kuran ya ɗauke. Batirin kwamfutata ya tsufa, ba ya wuce minti ashirin, rezo kuma ya koma rarrafe, in ja ɗa sai ya yi tsaye kafin ya motsa. Taubashina ya ce, "Kai bawana, ba ni ragamar mana. Ka yi ta ba da labari da baki, ni in riƙa tura maka kayan." Ban yi tunani ba. Na shiga shafin wasan, na latsa sunansa, na ɗaga shi zuwa madugu. A raina motsa raƙuma kawai na ba shi. Ashe duk ɗakin na buɗe masa, har ƙarƙashin gado.

Shiru ya yi. Mutumin da ko liman yana huɗuba sai an zungure shi. Can sai saƙo ya shigo mini a keɓe, kalma biyu: "Na gani."

Abin da ya biyo baya shi ya hana ni barci. Jaruminsa maharbi ne, mai zargin kowa, wanda ko inuwa ya gani sai ya ɗana kibiya. Da suka iso rijiya, abokiyar aikina ta ce ko a leƙa bayan tudun nan? Duk muka jira shi, don aikinsa ne. Ya ce to, bari ƙwaya ta yanke. Ya jefa mai fuska 20 a fili, inda kowa yake gani, ta ba shi 4, ƙaramin jifa da bai kai ba. Sai ya ce maharbinsa ya duba bai ga komai ba, ya juya wa tudun baya yana shayar da raƙuma. Da hannunsa kuma, bisa umarnina, ya ɗauko 'yan fashin daga ɓoye ya zube su a kan 'yan uwansa. Aka sari jarumin ƙanena a kafaɗa, aka kore raƙuma uku da kantun gishirinsu.

Ƙanena ba wawa ba ne. Ana tashi ya ce, "Yaya, tsaya. Shi da ya fito da su ai ya san suna nan. Ya sani ya bari aka sare ni?" Nan gardama ta kaure. Abokiyar aikina ta ce daidai ya yi, abin da mutum ya sani daban, abin da jaruminsa ya sani daban, in an haɗa su wasa ya mutu. Na Damagaram ya sake ɗauko waƙarsa ta kullum, wai mu koma Foundry, wata manhaja irin Roll20, inda matsayi huɗu ne: ɗan wasa, amintaccen ɗan wasa, mataimakin madugu, sai madugu. Na ce masa ko can mataimaki yana ganin bayan labule, kuma dala 50 ake sayensa, ta Amurka ba tamu ba. Laifin nawa ne. Da na rubuta sunansa a kan raƙuman ayari kaɗai ya riƙa jan su, da duhun ya zauna yadda yake, ko kuma in ce a ɗage wasan zuwa mako mai zuwa. Kunyar a ce madugu ya gaza ce ta ja ni.

Ya burge ni, ba zan faɗa masa ba. Amma na cuce shi. Daga lokacin da ya karanta jimlar nan bai ƙara yin wasa da sakin jiki ba, kowace magana sai ya auna ta, kada ya nuna ya sani, kada kuma ya wuce gona da iri wajen nuna bai sani ba. Na ji shi yana gaida jagaban nan da ladabi, muryarsa tana rawa da dariyar da yake dannewa. Na mayar da shi ɗan wasa tun kafin kwamfutar ta mutu, latsa ɗaya ce, sai dai babu madannin da zai goge abin da ke kansa. Su ukun ba su san maganar jagaba ba, 'yan fashin kawai suka ɗauka ya gani.

Ɗazu ya kira ni. Wai kuɗin rufe baki kilishi ne na jika biyu, a aika masa da motar Kotonu, in ba haka ba Asabar mai zuwa maharbi zai yi mafarki. Na ce bawa ba ya sa wa ubangidansa haraji. Ya ce mu gani.

Hanya biyu nake juyawa. Ko in miƙa masa jagaban gaba ɗaya ya riƙa yi masa magana, mu zama mu biyu a bayan labule, ko in wanke tsohon nan in ɗora cin amanar a kan wani, taubashin nawa ya yi ta harara inda ba kowa. Ta biyun ta fi yi mini daɗi. Akwai wani yaro mai dafa wa ayari shayi da ba wanda ya taɓa tambayar sunansa.

Waya ta nuna saura kashi 9. Sauro ma sun gano inda nake.