Abin da na koya a ajin zane na makarantar Yahudawa

Ƙarshen zangon nan zan bar makarantar firamaren Yahudawa da nake koyar da zane da aikin hannu a arewacin Landan. Aikinmu kalandarsu yake bi: da an dawo hutu a Satumba sai Rosh Hashana (sabuwar shekararsu) da Sukkot (Idin Bukkoki) su zo a jere, Hanuka (bikin kunna fitila na dare takwas) da hunturu, sannan Purim (bikin da yara ke kaɗa kacau-kacau) da Idin Ƙetarewa.

Hanukar bara ce har yau take ci mini rai. 'Yan aji biyu suka gina fitilunsu da yumɓu, kowa da hannunsa. Ƙa'idar kuwa sun riƙe ta: mazaunin kyandir takwas a jere, tsayinsu ɗaya, sai na taran, shamash, wanda da shi ake kunna sauran, ya ɗan ɗara su. Babu wanda ya kuskure wannan. Sai dai wasu sun karkace, wasu duk shatin yatsu, wani yaro ma ya dulmiya tasa cikin shuɗi. Ana gobe iyaye za su zo shugabar sashenmu ta shigo, ta duba, ta ce ba za a baje wannan ba. Ta sa aka kwashe su a kwali aka kai ɗakin ajiya, ta kawo na katako daga kanti, duk iri ɗaya, yara su manna ƙyalƙyali kawai. Katako fa, a abin da za a kunna wa wuta dare takwas! A gaban malamai ta ce ban san abin da iyaye ke so ba tunda ni ba 'yar gida ba ce. Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi, don ni na san yaran da hawaye ya cika musu ido.

Ban ja da ita ba. Ranar da za a kunna kyandir na farko na fito da kwalin, na naɗe wa kowane yaro tasa a jarida. Bayan biki wata uwa ta tare ni a ƙofa ta ce ta yumɓun suka kunna a taga.

Ga wadda za ta gaje ni: gab da Idin Ƙetarewa ban da aikin taliya ko ƙullun fulawa, don a makon ba a ajiye irinsu a gida. Takarda mai sunan Allah ba a jefa ta a shara, akwai akwatin geniza da ake tara irinta a ciki. Kacau-kacau na Purim kada ki raba su sai an tashi. Kuma ki ɗauki hoton aikin yara kafin wani babba ya leƙo ajin.