Kafin ka sayi ƙaramar bindigar .22 ta harbin allo, ji inda na yi asara

Ƙannena masu sha'awar wasan harbin allo, tambayar da kuka fi yi ita ce wace ƙaramar bindiga ce, wato ta hannu, mai araha da mutum zai fara da ita. Amsar da zan ba ku daga asarar da na yi na samo ta. Kuɗin da aka rubuta a jikin bindiga shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za ta ci maka, abin da zai nuna ko cinikinka ya yi kyau shi ne tana tashi duk sanda ka danna kunama, tana kai harsashi inda ka saita, sannan bayan shekaru in wani abu ya karye kana iya samun kayan gyaranta.

Amma tukuna, maganar takarda ita ce gaba da komai, kuma kowace ƙasa da dokarta. A Birtaniya tun 1997 aka hana farar hula mallakar ƙananan bindigogi har da na .22 ɗin, bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane a 1996. Kanada ta dakatar da saye da sayarwarsu a 2022. A Jamus sai ka yi shekara guda kana zuwa kulob na harbi a kai a kai kafin a duba buƙatarka. To dan Allah ka fara sanin dokar inda kake, ka samu lasisi, ka samu filin harbi mai rajista da malami, ka tanadi akwatin ƙarfe mai makulli da za ka riƙa ajiye ta ba harsashi a ciki. In dokar wurinku ba ta yarda ba, shikenan magana ta ƙare, ka nemi bindigar iska inda aka halatta, ita ma ana gasarta har a Olamfik a tazarar mita 10.

Harsashin da muke magana a kai shi ne .22 LR, wanda kamfanin Stevens ya fito da shi a Amurka a 1887, irin da ake kira rimfaya. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana zagaye ne a cikin gefen gindin ƙwanson, allurar bindiga ta daki gefen ta murƙushe shi sai wuta ta tashi. Dabarar tsohuwa ce, wani Bafaranshe Flobert ya fara ta tun 1845. Saboda ƙwanson siriri ne kuma haɗa shi ba wuya, ya fi kowane harsashi araha, ba ya turo hannu da ƙarfi, shi ya sa ake koyo da shi, kuma har yau da shi ake gasar Olamfik ta ƙaramar bindiga a mita 25. Amma wannan ƙirar tasa ita ce kuma ke kawo yawancin matsalolin da zan faɗa muku.

Kuskurena na farko ido ne. Na sayi wata mara nauyi da aka ƙera ta yi kama da babbar bindigar sojoji, ga ta baƙa wuluk gwanin sha'awa, ga araha. Da na fara zuwa fili da ita sai na ga abin da na saya. Magazin ɗaya, wato gidan da ake jera harsasai, ba ya ƙarewa sai ta maƙale, wani lokaci ƙwanson da aka harba ya tsaya a tsaye a bakin ramin fita marfi, wato ƙarfen sama da ke ja da baya in an harba, ya danne shi, wani lokaci sabon harsashi ya tokare a hanya dalmar kansa ta lotse. Saitinta na baya, abin da ake daidaita ido da shi, a kafe yake ba ya motsi, ita kuma tana kai harbi ƙasa ta hagu, sai na koma ina saita sama ta dama don in rama, kun ga kenan ina koya wa hannuna da idona ƙarya. Abin da ya fi ci min rai shi ne na daina gane ko laifina ne ko na bindiga, kuma mai koyo in bai san wannan ba ba zai taɓa gyaruwa ba. Araha ba ta ado, daga baya sai da na sayar da ita a faɗuwa na sake sayen wata.

Abin da ya kamata in nema tun farko shi ne irin waɗanda aka ƙera don allo kawai. Alamarsu guda ce, bututun a kafe yake da jikin bindigar, saiti na gaba da na baya duk suna zaune a kan ƙarfen da ba ya motsi, wani ƙarfe ne daban ke ja da baya ya fitar da ƙwanso. Ruger ta fara ƙera tata irin wannan a 1949, da ita ma kamfanin ya kafu, aka yi ta gyara ta har zuwa Mark IV a 2016. Browning Buck Mark ta fito a 1985, a jikinta saitin baya yana kan wani ƙarfe da aka ɗaure a sama. Smith & Wesson ta kawo SW22 Victory a 2016. Waɗannan ukun su ne za ka fi gani a hannun masu harbin nishaɗi, an yi su da yawa, magazin da sifirin da sauran kayan gyara ba sa wuyar samu. Ba su da wani kyan gani gaskiya, kuma suna da nauyi, mai kaurin bututu da tsawonsa ya kai inci 5.5 tana kai kilo ɗaya ko ta ɗan wuce. Nauyin nan kuwa alheri ne, shi ke kwantar da rawar hannu.

Sama da su akwai irin su Smith & Wesson Model 41 da ta fito a 1957, da Pardini ta Italiya da Walther GSP ta Jamus da ƴan gasa ke riƙewa. Suna da kyau matuƙa, amma kai da ka fara yau ba za ka ga bambancin a takardar allonka ba, bambancin kuɗin gara ka zuba shi a harsashi da kuɗin malami. Su kuma irin Taurus TX22 da Glock 44 marasa nauyi ne, sun fi dacewa da wanda yake son ya saba da riƙon babbar bindiga ko ya yi harbin faifan ƙarfe da sauri. In burinka ka tara ramuka wuri ɗaya a takarda, mai nauyin ta fi.

Abubuwa biyu nake so ku tsaya a kansu sosai, kunama da saiti, don ni ban dube su ba sam. Kunama mai kyau kana ƙara matsi a hankali sai ta saki tsaf ba ja ba ƙarar gurzawa, mara kyau kuwa za ka ji tana tafiya tana tsayawa, kafin ta saki bakin bindiga ya riga ya karkace. A dokar gasa ta duniya ta mita 25 ba a yarda nauyin kunama ya gaza giram 1000 ba, to ka ga ba a buƙatar wadda iska ma za ta tayar, ana son mai tsabta ce. Kuma kar ka ɗauki magagari ka ce za ka goge ƙarfen ciki da kanka don ta yi laushi, wannan aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi, kuskure kaɗan zai sa ta riƙa tashi ba a taɓa ta ba.

Saiti kuma ka tabbata na bayan yana da sukurori biyu, na sama da ƙasa da na hagu da dama. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya, ga lissafin. In tazarar santimita 20 ce ka kauce da milimita ɗaya tak, a mita 25 harsashinka zai kauce da santimita 12.5. In tazarar santimita 12.5 ce kamar ta gajerun nan, wannan milimita ɗayan zai zama santimita 20. Da'irar maki goma a allon gasa kuwa faɗinta santimita 5 ne kacal, baƙin da ke tsakiyar allon gaba ɗaya santimita 20. Gajeriyar bindiga ba wai ba ta iya kai harsashi daidai ba ne, kuskurenka ne take ninkawa. In idonka ya fara rauni ka nemi mai wurin ɗaura saitin jan ɗigo a sama tun daga kamfani, ya fi a zo ana huda ta daga baya.

Kuskure na biyu harsashi. Na ga babban kwali mai araha na kwasa da yawa ban gwada ba, ashe bindigata ba ta son shi. Harsashin .22 haka yake, bindiga biyu samfuri ɗaya kamfani ɗaya sai ka ga wannan tana son wani iri waccan ba ta so. Yanzu abin da nake yi shi ne in sayi ƙananan kwalaye masu guda 50 iri daban-daban, in zauna in ɗora hannu a kan jakar yashi, kowane iri da takardarsa, in rubuta sunansa a jiki, wanda ya fi tara ramuka kuma bai maƙale ba shi zan saya da yawa. Yawanci masu matsakaicin gudu da kan dalma mai nauyin giren 40, irin CCI Standard Velocity ko na SK da Eley, sun fi tara harbi. Wasu bindigogin kuma marfinsu ba ya ja da baya sosai sai da mai ƙarfi irin Mini-Mag, musamman suna sababbi. Ka karanta littafin bindigarka ka ga abin da suka ce. Kar kuma ka rikita .22 LR da .22 Magnum, harsasai ne daban, na biyun ya fi tsada da ƙara, ba ka buƙatarsa don huda takarda.

Ko harsashi mai kyau wani lokaci za ka danna ka ji ƙas kawai bai tashi ba, saboda sinadarin bai zagaye gefen duka ba. In haka ta faru kar ka juyo da ita ka leƙa, ka bar bakinta yana kallon allo ka jira kamar daƙiƙa 30, don akwai mai tashi a makare, sannan ka cire.

Kuskure na uku shi ne wanda ya fi min zafi don da hannuna na yi. An ce min danna kunama ba harsashi yana gyara hannu, gaskiya ne kuma, amma ban san cewa a rimfaya allurar gefe take duka ba. Ba ƙwanso a ciki sai ta riƙa dukan bakin ramin da harsashi ke zama. Wata rana na ga ƙwanso ya fara ƙin fita sai na sa farce, da na haska fitila sai ga ɗan lotsi a gefen ramin ƙarfen ya tattaro ciki kamar leɓe. Wasu bindigogin an sa musu abin da ke tare allurar, wasu babu, littafin ne zai gaya maka, in kana shakka ka sa harsashin roba na gwaji. Wannan lotsin kuma shi ne abu na farko da za ka duba in ta hannu za ka saya, tare da bakin bututu ko ya tauye, da kan sukurori ko an cinye su, sannan ka roƙi a bar ka ka harba magazin biyu a fili kafin ka biya, cinikin kuma ya bi ta hanyar da doka ta tsara.

Wanki ma ka sa shi cikin lissafi, .22 akwai datti, kan harsashin an shafe shi da kakin zuma ko maiko, ya haɗu da toka ya daskare a ramin harsashi da fuskar marfi. Rabin maƙalewar da mutane ke kuka da ita daga nan take. Bindigar da kwance ta ke da wuya za ka yi ta ɗaga wankin, masu tsofaffin Mark na Ruger sun daɗe suna kuka da wahalar mayar da su, shi ya sa a Mark IV aka sa maɓalli ɗaya da ke buɗe ta. Ka ce mai sayarwa ya kwance ta ya mayar a gabanka. Man shafa wa bindiga kuma ɗigo kaɗan ya isa, in ya yi yawa datti yake tarawa.

Libarba fa, wato mai gangar harsashi da ke juyawa? Ina son ta, ba ruwanta da ƙarfin harsashi, in ɗaya bai tashi ba na gaba zai tashi. Ruger Single-Six tun 1953 take, Smith & Wesson 617 tana cin guda goma amma da tsada. Ka dai sani a irin 617 in za ka ja kunama kai tsaye ba ka ɗaga guduma ba tana da tauri sosai, don rimfaya sai an daka da ƙarfi. Masu arahar cikinsu kuma yawanci saitinsu a kafe yake, mun koma matsalar farko kenan.

Akwai asarar da ba ta dawowa, ita ce kunne. Na raina ƙarar .22 na riƙa cire abin toshe kunne in zafi ya dame ni, yau in wuri ya yi shiru ina jin ƙara siririya a kunnen da ba ta tafiya, likita ya ce sai dai haƙuri. Ƙarar ƙaramar bindigar .22 tana wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, daga nan kuwa ko harbi ɗaya yana iya yin illa. Ku sa na cusawa ku ɗora na rufewa a kai musamman a fili na cikin gini, ku sa tabarau don ƙwanso mai zafi yana tsalle, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci wani abu saboda dalma. Kar ƙanƙantarsa ta ruɗe ku, harsashin nan yana kisa kuma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, don haka kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi a ciki, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai saiti ya hau allo.

In kana da kuɗin a hannu yanzu, ka riƙe su tukuna ka je kulob, yawancinsu suna da na haya ko na koyo. Ka harba uku ko huɗu a rana ɗaya da harsashi iri ɗaya, ka lura da wadda yatsanka ke kai wa kunamarta ba ka murɗa hannu ba, da wadda in ka ɗaga ta saitin ke zuwa daidai idonka. A kasafinka kuma ka ware na ƙarin magazin biyu, abin kunne, tabarau, akwatin ajiya da harsashin wata shida, abin da ya rage shi ne kuɗin bindigar.