Na dawo daga Legas, ga godiyata

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya bayan isha'i na shigo Kano, ƙafafuna har yanzu a kumbure suke saboda zaman mota, murya kuma ta dishe ko sallama da ƙyar nake amsawa, amma na ce ba zan ƙara kwana ba sai na rubuta wannan, don saƙonninku sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kira ban ɗauka ba don Allah ya yi min uzuri.

Kun dai ga komai tun daga hoton jiƙaƙƙen kwalin littattafaina da na saka a intanet da asuba ranar da na sauka Legas, ba sai na maimaita ba. Ni kaina har yanzu ba na son kallon hoton. Shekara biyu ina zana littafin nan, labarin yaron marinar Ƙofar Mata, in zana da fensir in bi da tawada in kai wa mai kwamfuta ya saka kala, aka buga kwafi 200 da kuɗin da ku kuka san yadda aka haɗa su, sai ga shi an sauke min kwali biyu daga saman mota ɗaya ya sha ruwa sharkaf tun daga wajen Ilori. Kamfanin motar ba zan kama sunansu ba, na bar su da Allah.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne abin da ya faru bayan na ɗauki hoton. A bakin tasha a Agege na zauna a kan kwalin, wallahi hawaye nake yi kamar ƙaramin yaro, ga washegari ne za a buɗe Lagos Comic Con, taron masu littattafan zane da katun, wanda tun 2012 da Ayodele Elegba ya fara shi nake jin labarinsa ina cewa wata rana sai an ga littafin Hausa a kan tebur a wurin. Sai wani dattijo mai shayi, mutumin Sakkwato, ya taso daga teburinsa ya ce min, "Yaro, rasuwa aka yi maka?" Na ce a'a Baba, littattafaina ne suka jiƙe. Ya ɗauki ɗaya ya buɗe a hankali. Baba bai yi boko ba, da bakinsa ya faɗa min, allo kawai ya yi. Amma ya tsaya yana bin hotunan da ɗan yatsa, gida bayan gida, har ya zo inda yaron ya faɗa cikin rijiyar rini ya fito shuɗi tun daga kai har ƙafa, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wannan yaron zai sha duka wurin ubansa. Kuma haka ne, a shafi na gaba duka ya sha. Ko kalma ɗaya bai karanta ba amma ya gane labarin tsaf. A nan ne kukan ya tsaya min.

Shi ya aika aka kirawo masa wani mai wanki da guga na bayan layinsu, da yaran shagonsa biyu, da wani ɗan acaɓa ɗan Maraɗi da ya ajiye babur ya bar aikin safiyarsa. Takardar da muka buga da ita mai santsi ce, irin wannan in ta jiƙe aka bari ta bushe a haɗe shikenan ta manne, in ka ja sai zanen ya ɗaye. Don haka sai da muka raba kowane shafi tun yana da danshi, mu sa tsohuwar jarida a tsakani, mai guga ya ɗora ƙyalle ya bi da dutsen gugarsa na gawayi sama-sama. Tun hantsi muke yi har aka kira magariba. A cikin ɗarin da suka jiƙe mun ceci 60 da ɗoriya, sun ɗan kumbura, wasu gefensu ya yi ruwan ƙasa, amma ana karantawa. Na ciro kuɗi zan ba Baba ya ɓata rai ya ce in mayar, ko kuɗin shayi da biredin da na ci bai karɓa ba, kuma a ɗakinsa na kwana kan tabarmarsa. Abu ɗaya ya roƙa, kwafi ɗaya zai kai wa jikokinsa in ya je gida.

Baba, na san ba ka Facebook, amma yaronka ya ce zai karanta maka. Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Allah Ya kai ka Makka da Madina, Ya raya maka zuri'a, Ya sa yadda ka share min hawaye a baƙon gari kai ma kada ka taɓa rasa mai share maka naka, duniya da lahira. Mai guga da ɗan acaɓa da yaran nan biyu, Allah Ya buɗa muku ƙofofin arziki ta inda ba ku zato.

Shi taron kansa kuma sai wanda ya gani. Mun haye gadar Third Mainland da sassafe don gudun gosulo, na shiga zaure na ga matasa sun yi shigar jaruman littattafai da na katun, masu zane kowa da teburinsa, ga masu haɗa wasannin kwamfuta ga masu fim ɗin zane. Na ji tsoro da farko don kusan komai da Turanci ne ni kuma ga nawa da Hausa. Ashe tsoron banza ne. Wata baiwar Allah Bayarabiya da ke teburin kusa da ni ta matsar da kayanta ta ƙara min wuri, in na tafi sallah ita ke tsare min, har ciniki ta yi min. Kuma abin mamaki jiƙaƙƙun nan su suka fara ƙarewa, don mutane sun ga labarin a intanet suna zuwa suna cewa irin wanda aka goge suke so. Wani soja ɗan Zariya ya sayi biyar ya ce 'ya'yansa a Legas aka haife su Hausarsu tana neman gudu.

Na san ba al'adarmu ba ce namiji ya fito bainar jama'a yana yabon iyalinsa, amma yau kam sai na yi. Uwargida, ke kika sayar da ɗan kunnenki aka cika kuɗin bugu kuma kika hana ni faɗa wa kowa, to na faɗa, ki yi haƙuri. Umma, ke da kika kwana kan sallaya daren da na kira ki ina kuka, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Yaya babba da ya turo kuɗin motar dawowa ba tare da na tambaya ba, na gode. Malamina na zane tun sakandare, da ku 'yan group ɗinmu da kuka yi ta yaɗawa, Allah Ya bar zumunci.

Akwai 'yan uwa na jini a cikin Legas ɗin nan, wasu tafiyar minti ashirin ce tsakaninsu da tashar, na kira ya fi sau goma ba a ɗauka ba, saƙo ma an gani ba amsa. Su ne dai masu cewa zanen yara nake yi da girmana. Ba komai, wataƙila uzuri ne ya riƙe su, na yafe, amma raina ya sosu kuma ba zan ɓoye ba.

Saura kwafi 23 a hannuna, masu tambaya ku ɗan ba ni zuwa jibi in huta tukuna. Ɗaya a ciki ba na sayarwa ba ne, wanda ya fi kowanne ƙonewa a gefe inda dutsen guga ya ɗan zarce, shi na ajiye wa kaina.